Ranar da Malam Ya Ce O'o

Zogale ne ya haɗa mu da shi. Shekarar da muka bar gidan haya na Silver Spring muka koma Clinton, duk a nan Amurka, mahaifiyata tana tare da mu, don ta zo mini jegon autana ne zaman ya zarce. Inna ba ta jin Turanci ko na tambayar hanya, kuma ba ta da niyyar koya. A cewarta ba ta ga abin da za ta faɗa wa Bature wanda bai riga ya sani ba. Wata safiya a lokacin zafi ta fita shanya a bayan gida, sai ga ta ta dawo da jiƙaƙƙen zane a hannu, ta ce in zo in duba mata ko idonta ne ya fara yi mata gizo. Na bi ta muka leƙa ta saman shingen katako da ya raba mu da maƙwabta. Zogale ne kuwa, shar da shi, an dasa a manyan bokitan roba an jera a jikin bango, ga garahuni ya naɗe shingen yana leƙowa gidanmu.

Mai zogalen wani ɗan tsoho ne siriri, da malfa da silifa, yana bin ganyen da almakashi. Na gaishe shi, na ce mahaifiyata ce take mamakin ganin abin miyarmu a ƙasar nan. Ya cire malfar ya ɗan rusuna wa Inna, ya ce su ma abin miyarsu ne, shi mutumin Filifin ne, kuma duk hunturu sai ya kwashe bokitan ya kai su garejin mota yana lallashinsu har zafi ya dawo. Turancinsa ne ya fara tsayar da ni. Irin na tsofaffin shugabannin makaranta ne, kowace kalma sai ta gama fita sannan ta bayanta ta taso. Kafin mu koma ciki ya cika wa Inna zanenta da ganye. Ranar mun ci kwaɗon zogale har maigidana ya makara zuwa gidan rediyon da yake aiki.

Inna ce ta sa masa Malam, tun ba mu san komai a kansa ba. Ta ce yadda yake tsayawa da hannu a baya, ba ta da shakka ya taɓa riƙe bulala. Ni dai na ɗauka tsoho ne irin Inna, wanda 'ya'ya suka kawo don ya huta. Da 'yarsa yake zaune, wata nas mai fara'a wadda ta girme ni kaɗan, matarsa kuma ta rasu tun a gida.

Wata rana na gaya masa cewa 'yar ƙasarsu ce ta koya mini lissafi a sakandaren 'yan mata a Katsina, don a zamaninmu malaman Filifin suna da yawa a makarantun Arewa. Na zaci sunanta zai tambaya, ko garinsu. Sai ya tambaye ni, in ta fita daga aji, da wane harshe muke yi wa junanmu bayanin abin da ta koyar. Na ce da Hausa mana, amma a ɓoye, don an hana. Ya ce to da wanne na gane lissafin, da nata ko da namu? Na yi dariya na ce da namu. Bai yi dariya ba, ya dai koma kan bokitansa.

Sai a wata Lahadi na san da wa nake maƙwabtaka. Motoci suka cika layinmu har bakin ƙofarmu, na fito da faɗana a baki don an tare mini hanya. Abin da na gani ya sa na haɗiye faɗan. Malam yana zaune a kujerar roba a farfajiyar gidansu, sanye da wata farar riga shara-shara mai aiki a ƙirji, mutane kuma sun yi layi. Akwai masu furfura, akwai matasa, mata sun fi yawa. Kowa ya iso sai ya sunkuya, ya kama hannun Malam na dama, ya ɗora bayan hannun a goshinsa. Wasu suna yi suna share hawaye. 'Yarsa ta hango ni ta zo ta ba ni haƙuri, ta ce malaman makaranta ne 'yan ƙasarsu da aka ɗauko aiki a makarantun gundumar nan, sun ji labarin yana kusa shi ne suka haɗa kai suka zo. Ɗora hannu a goshi kuwa, ta ce haka ake gaida babba a wajensu, neman albarka ne.

A tsaye a bakin titi ta ba ni labarinsa, da makullin mota a hannuna na manta inda za ni. An haife shi a ƙauyen masunta a wani ƙaramin tsibiri, inda makaranta ba ta wuce 'yan azuzuwan farko ba, sai da ya riƙa shiga kwalekwale zuwa wani gari kafin ya ƙarasa firamare. Ya ci jarrabawar da gwamnati ke ɗaukar nauyin masu ƙoƙari, ya tafi Manila, babban birnin ƙasarsu, daga can ya zo Amurka ya yi digiri na uku. An ba shi aiki a nan ya ce a'a, ya koma gida. Ya koyar a kwalejin horar da malamai, ya yi sufeton makarantu, ya riƙe ilimin lardi guda, har ya kai cikin 'yan ƙalilan da ke saman ma'aikatar ilimi ta ƙasar baki ɗaya. Gwamnatoci sun zo sun wuce yana nan. Waɗannan da suka yi layi, wasu ya koyar da su, wasu ya koyar da malamansu, wasu kuma littattafansa kawai suka karanta. Na san yadda manyan ma'aikata ke ritaya a wajenmu, na san irin ƙofar gidansu da wanda ke gadinta. Na dubi tsohon da Inna ke aika wa ɗumamen tuwo ta saman shinge, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Da na shiga na gaya wa Inna ko gezau ba ta yi ba, ta ce ai ta faɗa.

Daga nan na zama mai naci. In na taso daga asibitin da nake aikin ba da magani, sai in tsaya a bakin shinge in yi ta tono shi, shi kuma ba ya rowar magana in dai a kan makaranta ce. Bai taɓa ba ni labarin ministoci ko taron ƙasashen waje ba, duk da na san ya je su. Labarin da ya fi so shi ne na wata yarinya. Lokacin yana sabon sufeto, da digirinsa na Amurka yana ji da kansa, ya je duba wata makaranta a yankinsu. Malamar ajin ta tsayar da yarinyar da ta fi kowa, ta karanta masa shafi guda na Turanci ba tuntuɓe ko ɗaya. Daɗi ya kama shi har bakinsa ya suɓuce ya koma harshen tsibirinsu, ya tambaye ta wane wuri ya fi yi mata daɗi a labarin. Yarinyar ta dubi littafin, ta dube shi, ta ce, “Ashe labari ne?”

Ya ce wannan tambayar ce ta ci sauran shekarun aikinsa. Ya tsaya kai da fata a kan cewa yaro ya fara koyon karatu da harshen da uwarsa ke yi masa magana, sauran harsuna su biyo baya. Ƙasarsu kuwa harsuna ne da ita birjik, kamar tamu. Shi da wasu malamai suka zauna suka rubuta ƙananan littattafan koyon karatu da harshen tsibirinsu, wanda kafin nan ko shi bai taɓa ganin an rubuta shi a allon makaranta ba. A gwada a 'yan makarantu, a samu sabon minista a dakatar, ya sake komawa ya roƙa. Manya sun yi masa dariya, amma ya ce ba su ne suka fi ba shi wahala ba, iyayen yara ne. Wani masunci ya taɓa tare shi a bakin ruwa ya ce masa, kai 'yarka tana Manila tana Turanci, mu kuma kana so namu su tsaya a kan kifi. Na tambaye shi amsar da ya bayar. Ya ce bai bayar ba, don mutumin ya faɗi gaskiya. 'Yarsa da Turanci da Tagalog, harshen da ake yi a Manila, ta tashi. Harshen tsibirin kuwa, wanda ya yi ta dambe da ma'aikata a kansa, bai koya mata ba. Yana ta cewa sai ya samu lokaci, har ta yi aure. Na fassara masa maganarmu ta mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, ya yi dariya har da tari, ya ce lallai Hausawa sun san shi.

Ni dariyar ba ta yi nisa a cikina ba. Babbar 'yata tana jin Hausa sarai, amma in na ce ta miƙo mini ludayi da Turanci take tambayata wanne. Ita da Inna hira ba ta wuce gaisuwa. Malam yana jin mu ta bayan shinge, bai taɓa ce mini komai a kai ba, kuma shirun nasa ya fi damuna.

Ya rayu har ya ji labarin da ya zo daga ƙasarsu, cewa an amince a fara koyar da ƙananan yara da harsunan gidajensu. Na ruga na yi masa murna. Ya ce kada in ɗora masa, mutane da yawa ne suka tura motar, shi dai yana cikin waɗanda taya ta watsa wa taɓo. Amma ranar na ga ya yanke wa Inna zogale har ya wuce misali.

Ba a daɗe ba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti na shiga dubiya, na gaishe shi da Turanci kamar kullum. Ya dube ni, idonsa tar, na san ya gane ni. Ya buɗe baki magana ta fito, doguwa, a jere, amma ban tsinci ko kalma ɗaya ba. 'Yarsa ta ja ni kicin ta fashe da kuka. Ta ce ciwon ya tafi da Turancin gaba ɗaya, Tagalog ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ya rage masa shi ne harshen tsibirin, wanda ya sha a nono. Hankalinsa yana nan, yana ta yi mata magana tun safe, ita kuma tana tsintar kalma ɗaya ta rasa sauran. Mutumin da ya yi jawabi a gaban shugabanni, ga shi a ɗaki da 'yar cikinsa, ba ta san ko ruwa yake nema ko wasiyya yake bari ba. Tsoronta ɗaya, ya mutu bai samu wanda ya ji shi ba.

Dole ta koma aiki, mai kula da shi da aka ɗauka kuma rabin yini take yi. Inna ta ce ita za ta riƙa leƙawa da rana, ai maƙwabci ɗan'uwa ne, kuma da ma can ba da Turanci suke hulɗa ba, don haka ita ba ta yi asarar komai ba. Sai ta dama kunun gyaɗa, ko ta yi miyar zogale marar yaji, ta kai masa inda aka zaunar da shi a bakin taga. Amma kullum da kwanon take dawowa, fuskarta a murtuke. Ta ce Malam ya canza, ciwo ya sa masa girman kai. In ta nuna masa kwanon ta ɗaga cokali, sai ya ɗage mata gira ya ce o'o. Ita kuwa ba ta saba yi wa babba dole ba, sai ta rufe ta kawo abinta. Wani lokacin ma, in ta juya za ta fita, sai ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, o'o, o'o, kamar yaron da za a yi wa wanka. Abin ya ɓata mata rai ƙwarai, ni ma ya ɓata mini, don a wajenmu wanda ya ce o'o ya ƙi ke nan, kuma ƙi na raini.

Ran Asabar na samu 'yarsa a gida, na ce mata cikin dabara ko abincinmu ne likita ya hana shi, don yana ƙin karɓa. Ta ce ya ƙi kamar yaya? Na kwaikwayi Inna, na ɗage gira na ce o'o. Matar nan ta zauna a kan matakala ta riƙe kai. Ta ce a wajensu, da Tagalog da harshen tsibirin duka, o'o shi ne i. Ɗage gira ma i ne. Wato duk kwanakin nan Inna na kai wa mai jin yunwa kunu har bakinsa, yana cewa yana so, tana ɗaukewa. Muka yi dariya har muka kasa tsayuwa, daga nan dariyar ta koma wani abu, muka rungume juna muna kuka.

Inna ba ta yi dariya ba da na gaya mata. Ta yi salati, ta ɗora tukunya a take, ta je ta ba shi kunun da hannunta har ya shanye. Da ta dawo ta same ni a kicin, 'yata tana gefe tana aikin makaranta. Ta ce, “Wannan bawan Allah da iliminsa ke nan. Ke ranar da Turancin naki ya gudu, wa zai ba ki kunu?” Ban yi fushi ba, ko da yake na so in yi.

Kuskuren Inna ne ya tayar da 'yarsa tsaye. Ta ce in kalma ɗaya ta iya hana shi abinci, Allah kaɗai ya san abin da sauran ke hana shi. Ta bi malaman nan da suka taɓa zuwa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka yi cigiya a cocinsu, ko akwai ɗan tsibirin a kusa. Tsibirin ƙarami ne, an sha wuya. Daga baya aka samu wata malamar kimiyya da ke zaune a Alexandria, wani gari kusa da mu, uwarta 'yar tsibirin ce, kuma a can ta yi firamare.

Ina nan ranar da ta zo, don 'yarsa ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba. Matar ta shigo, ta sunkuya ta ɗora hannunsa mai lafiya a goshinta, ta yi masa wata gajeriyar magana. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ya damƙe hannunta, magana ta ɓalle masa kamar an buɗe famfo. Ya yi tambaya ta amsa, ya sake yi, ta ambaci wani abu ya yi dariya da rabin bakinsa. Can sai ta fara rera wata 'yar waƙa ta yara, shi kuma yana buga yatsa a hannun kujera yana karɓa. Ta juyo tana hawaye ta ce mana waƙar koyon baƙaƙe ce, tana cikin ɗan littafin da ta fara karatu da shi, mai shuɗin tawada da ke gogewa a hannu. Ba ta taɓa sanin wanda ya rubuta shi ba sai yanzu. Na zauna a gefe ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san ina kallon abin da ba kowa Allah ke nuna wa ba, mutum yana cin amfanin gonar da ya shuka a wata duniya, a daidai lokacin da ba shi da wani abincin.

'Yarsa ta tambaya me yake ta son faɗa mata duk makonnin nan. Ashe ba wasiyya ba ce. Yana so a juya kujerarsa ta kalli bokitansa, takalmin da ake sa masa yana matse shi, kuma yana so ta daina kuka a kicin don yana jin ta. Sai 'yarsa ta matso kusa da malamar ta roƙe ta ta koya mata yadda ake cewa, Baba ga ni nan. Malamar ta faɗa, ta maimaita. Malam ya girgiza yatsa, ya faɗi kalmar ƙarshe yadda ya kamata, ya sa ta sake. Sai da ta yi ta daidai ya ƙyale ta, sannan ya juya ya ce wa malamar wani abu. Malamar ta rufe baki tana dariya tana kuka. Ta ce, “Ya ce wannan ɗalibar ta makara ƙwarai, amma a bar ta ta shiga aji.”

Haka aka yi kuwa. Malamar tana zuwa duk ƙarshen mako, sauran kwanakin shi ne malamin. In na leƙa da yamma sai in same su a bakin taga, yana nuna kofi, yana nuna tsuntsu, yana nuna ƙafarsa, nas mai furfura a goshi tana maimaitawa, in ta yi kuskure ya ɗaga yatsa. Ba ya sassauta mata ko kaɗan. Ta kan fito ta ce mini yanzu ta gane abin da ya sa ministoci suka riƙa gudunsa.

Ya rasu da hantsi, a kujerarsa, ana shirin shiga hunturu, 'yarsa kaɗai ce a wajensa. Bayan an watse daga zaman makoki na same ta a bayan gida tana jan bokitan zogale zuwa gareji, na kama mata. Na tambaye ta ko ya yi magana kafin ya cika. Ta ce ya yi, ta faɗa mini da harshen tsibirin tukuna, a hankali, sannan ta fassara. Cewa ya yi ta rufe taga, iska ta juya. Ta ce ta san ba wata babbar magana ba ce. Ta ajiye bokitin ta goge hannunta a riga, ta ce, “Amma ni na ji shi. Ban nemi kowa ya faɗa mini ba, na tashi na rufe.”